Kaduna, Garin Da Hanyar Jirgi Ta Haifa

Kano da Zariya da Katsina garuruwa ne masu ganuwa, kowannensu da sarakunansa tun zamanin kakanni. Kaduna ba haka take ba. Kafin zuwan Turawa, in ban da ƙauyukan Gbagyi da gonakinsu, ba kome a wurin sai daji da kogi mai kaduna, wanda daga gare shi garin ya sami suna. Wanda ya tashi daga Tudun Wada ya bi tsohon dogo har gadar jirgi, ya hangi babbar tasha a kudancin kogin, to, ya ga mafarin garin nan da idonsa.

Farkon wannan dogo yana Baro, wani ƙaramin gari a bakin Kwara cikin ƙasar Nufe. A 1907 aka naɗa Sir Percy Girouard ya mulki Arewa. Shi mutumin Kanada ne, gwanin aikin reluwe, wanda ya riga ya yi irin wannan aiki a Sudan. A shekarar nan aka soma shimfiɗa hanya daga Baro zuwa Kano, mil 356. Dalilin zaɓen Baro kuwa shi ne ruwa. Daga Ingila ake kawo ƙarafa ta teku, sa'an nan a hau da su Kwara cikin jiragen ruwa lokacin da kogi ya cika. Hanyar ta bi ta Badeggi da Minna, ta haye kogin Kaduna, ta wuce Zariya, ta isa Kano a 1911. A 1912 aka buɗe ta domin fasinja da kaya.

Kada mu manta da waɗanda suka yi aikin. Dubban lebura ne suka sare daji, suka haƙa ƙasa, suka ɗauke ta a kwando bisa kai. Da yawa cikinsu ba da son ransu suka zo ba, gama Turawa kan ɗora wa sarakuna da hakimai su kawo mutum kaza daga kowace ƙasa, Nufawa da Gbagyi da Zazzagawa. Mutum ya bar gonarsa da iyalinsa ya tafi, ya dawo da 'yan sulalla, waɗanda da su zai biya haraji. Ta haka kuɗin Bature suka shiga ƙauyuka, wuri ya soma mutuwa.

Ana cikin wannan aiki, wata hanya tana tahowa daga kudu. Ta tashi daga Ikko, ta kai Badun a 1901, ta kai Jebba a 1909. A nan Kwara ta tsare ta, sai da jirgin fito ake haye da taragai har aka gama gada a 1916. Wannan hanya ta bi ta Zungeru ta sadu da ta Baro a Minna, aka kuwa haɗa su ƙarƙashin hukuma ɗaya a 1912. Tun da kaya suka sami hanyar zuwa teku ba sai an jira cikar kogi ba, sai Baro ta soma komawa baya.

Akwai kuma wata ƙanƙanuwar hanya da yaranmu ba su sani ba. Daga Zariya ta tashi, ta hau duwatsu zuwa Jos da Bukuru domin kwasar kuza, aka gama ta a 1914. Faɗinta ƙafa biyu da rabi ne kaɗai, alhali babbar hanya ƙafa uku da rabi ce. An rufe ta a 1957, gama hanyar gabas ta riga ta karɓe aikinta. Ita ta gabas daga Fatakwal ta fito, ta kai Inugu a 1916 saboda gawayin da ake haƙa a can, ta bi ta Makurdi da Kafanchan har ta sadu da ta Kano a Kaduna. A 1927 reshenta ya isa Jos daga Kafanchan, a 1932 kuma aka gama gadar Binuwai a Makurdi. Daga baya aka miƙa rassa zuwa Ƙaura Namoda a 1929, Nguru a 1930, Maiduguri a 1964.

Duk wanda ya dubi taswira zai ga Kaduna ta zama mararraba. Tun kafin hanyar gabas ta iso, Gwamna Lugga ya ga wurin yana da ruwa da fili da jirgi, ba ya kuma cikin birnin wani sarki, sai aka ɗauke hedkwatar Arewa daga Zungeru aka kawo nan a 1917. Sojoji suka zo, akawuna suka zo, direbobi da makanikai da masu sayar da abinci suka biyo. Unguwanni irin su Tudun Wada suka cika da masu neman aiki. Da aka kafa masaƙar Kakuri a 1957, kusa da tasha, sai wani sabon ayari ya zo daga kudancin Zazzau da Filato da Binuwai.

Turawa sun yi tsammani auduga za su kwasa daga Kano domin masaƙun Ingila. Amma manoma da fatake suka ga gyaɗa ta fi riba, har aka tara dalar gyaɗa a Kano, attajirai irin su Alhassan Ɗantata suka yi suna. Akwai kuma wani kaya da masu shirin hanyar ba su lissafta ba. Ma'aikatan reluwe da yawa masu bi ne daga kudu da Saliyo da ƙasar da yanzu ake kira Gana. A lokacin da gwamnati ta ƙuntata wa 'yan mishan shiga ƙasashen sarakuna, waɗannan ma'aikata sukan taru ran Lahadi a ɗakin ɗayansu su yi sujada. Ekklesiyoyi da dama na Minna da Kaduna da Zariya da Kano daga irin wannan ƙaramin taro suka tsiro. Kamar yadda Manzo Bulus ya bi hanyoyin da Romawa suka gina domin sojojinsu, haka bishara ta bi hanyar da aka gina domin ciniki. Da aka buga Littafi Mai Tsarki dukansa da Hausa a 1932, ya tarar da kabilu masu yawa waɗanda Hausa ta riga ta zama harshen haɗuwarsu a tasha da kasuwa.

Amma dogon nan ya ga hawaye. A 1966 jiragen da suka kawo mutanen gabas su ne suka koma da su suna gudun rai. Bayan rikicin 2000 da na 2002, iyalai da yawa suka bar gidajen da aka haife su. Kirista suka fi komawa kudancin kogi, Musulmi arewa. Kogin da aka yi wa gada domin a haɗa ƙasa ya zama kamar iyaka tsakanin maƙwabta. Yau tsohuwar hanya ta yi shiru, ciyawa ta rufe ta a wurare da dama, masu zuwa Abuja kuwa a Rigasa suke hawa sabon jirgin da aka buɗe a 2016.

Ya ku iyaye, akwai yara a gidajenmu da ba su taɓa taka Tudun Wada ba, akwai kuma yaran Tudun Wada da ba su taɓa ganin Kakuri ba, kowa yana tsoron ɗan'uwansa. Ku ba su labarin garinsu. Ku faɗa musu cewa, in ban da Gbagyi, kowa a Kaduna baƙo ne, kakannin yawancinmu kuwa tasha ɗaya suka sauka da ƙunshin kayansu. Wanda yake da tsohon maƙwabci a ƙetaren kogi, bari ya ɗauki ɗansa su je gaisuwa, gama zumunci a ƙafa yake. Ubangiji ya ba garinmu salama. Amin.