Allura da Tiyo a Gwandu

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a kan wannan tafiya shi ne wani dattijon bakanike da na gani a Gwandu. Aikin da a Kano sai an tura yaro Ƙofar Ruwa ya sayo sabon kaya, shi da allura ya gama shi.

Cikin tsakiyar hunturu muka tashi daga Kano a a-kori-kura, Hilux ɗauke da injinan ban-ruwa na wasu manoman shinkafa a Kalgo. Hanyar Gusau zuwa Sakkwato addu'a kawai muka yi ta yi har Allah ya fitar da mu. Bayan Jega matsala ta fara. Rana ta karkata tana dukan ido, manyan motoci ɗauke da albasar Aliero suna tayar da ƙura. Direba ya ja sandar waifa, famfo ya yi ƙara, amma ruwan a kan bonet ya dalalo, bai kai gilashi ba. Busasshiyar roba kuwa yashi take ja, ta bar zanen da ba ya gogewa. Haka muka riƙa tsayawa muna fasa ledar fiya wata a kan gilashi har muka shiga Kalgo.

Masaukin da muka samu bai kamaci garin ba. Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda aka kafa a 2013, a nan take da mazauninta, baƙi na shigowa kullum, amma ɗakin da aka ba mu babu ruwa a bayi, ragar taga ta yage, sauron fadama bai san da wani hunturu ba. A Kano ko ɗakin soro aka sauke ka, za a kawo maka buta cike da ruwan ɗumi kafin asuba.

Da muka sauke kaya na ce ba zan zo ƙasar nan in koma ban ziyarci Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ba, sai muka nufi Gwandu. Gwandu ta ba ni mamaki da shirunta. Garin da aka riƙa mulkin yammacin daular Sakkwato daga cikinsa, har Nupe da Ilorin, yau Sarkinsa ma a Birnin Kebbi yake zaune. Na yi wa Malam addu'a a hubbarensa ina jin mu Kanawa muna da rabo a cikinsa, domin a Kano ya rubuta Diya'ul Hukkam lokacin da ya baro gida da niyyar tafiya gabas, mutanenmu suka riƙe shi ya karantar da su.

Dattijon a gindin darbejiya muka same shi. Bai taɓa sifana ba sai da ya sa direba ya ja sandar, ya kasa kunne. "Alhaji, fiyus lahiya lau yake, tunda famfo na kuka," in ji shi. Ya cire tiyo daga bakin 'yan ramukan fesawa, ruwan ya fito a raunane, ya ce ashe ciwon yana ƙasa. Ya kwance tankin ya juye shi. Abin da ya fito laka ce mai santsi, gauraye da farin dasƙararren abu. "Wa ka zuba mai garin sabulu?" Masu wankin mota ne, su kan haɗa da ruwan rijiya su ce gilashi zai fi ƙyalli. Ya zare famfon daga robar da yake zaune a ciki, ya nuna mini 'yar rariyar da ke bakinsa, ta toshe ƙiris ya rage. Ya wanke ta da tsohon buroshin haƙori. Daga nan ya bi tiyon da yatsa har inda yake lanƙwashewa a maƙalar bonet, ya samo tsaga, ya yanke wurin ya haɗa. Sannan ya zaro allura daga hularsa, ya soka cikin ramukan, ya ɗan karkata su har ruwa ya riƙa sauka a tsakiyar gilashi. Shawararsa ita ce a riƙa zuba ruwa mai tsabta kawai, kuma kada a ja waifa a kan ƙura ba ruwa.

Na yarda yaran Kano sun fi shi sauri da kayan aiki. Amma yawan kaya a kasuwa ya sa da yawansu sun daina sauraren mota, da famfo za su canza, laka tana nan a tanki.

Na miƙa masa kuɗi ya ɗauki kaɗan ya mayar mini da saura. "Baƙon Malam ba a tsawwala mai," ya ce, ya aika gida aka kawo mana tuwon shinkafa da miyar kifi. Tuwon ya yi laushi, kifin sabo ne, sai dai yajinsu bai kai namu ƙamshi ba.

Bayan la'asar muka kama hanyar Sakkwato, washegari muka iso gida.