Gammon da ke cikin gwiwa

A ƙasarmu ta Gobir, daga Turba zuwa Isa har Sabon Birni, raunin gwiwa suna biyu gare shi: in ba karaya ba, to targaɗe, kuma duka biyun wurin maɗori ake kai su. Amma akwai rauni na uku wanda ɗori ba ya kai wa gare shi.

A cikin kowace gwiwa, tsakanin ƙashin cinya da na ƙwauri, akwai guringuntsi biyu masu siffar jinjirin wata. Likitoci na kiransu meniskus. Ni gammo nake ce musu, domin aikinsu ke nan: su raba nauyi, kada ƙashi ya ci ƙashi. Idan mutum ya kafa ƙafa ya murɗa jiki da ƙarfi, kamar ɗan kokawa ko mai sauke buhun albasa, gammon kan yage.

Ƙanena a fadama ya gamu da nasa, yana ɗaga injin ban ruwa. Gwiwa ta kumbura, kumburin ya sace, sai ta riƙa cijewa: yana cikin tafiya ta ƙi miƙewa. Zaman tahiya ya gagare shi, ya koma salla a kan kujera. An ja, an ɗaure, an gasa. Hoton ƙashi ya fito lafiya lau, domin guringuntsi ba ya bayyana a cikinsa. Sai da ya kai Sakkwato aka yi masa hoton MRI, sannan aka ga tsagar.

Tiyatar iri biyu ce. Ko a datse abin da ya yage a fitar, ko a ɗinke shi. A yau duka biyun ta ƙananan huda ake yin su, da siririyar kyamara. Datsewa ta fi sauƙi, cikin ’yan makonni mutum ya koma aiki. Sai dai abin da aka cire ba ya tsirowa. Tun a 1883 wani likita a Edinbara, Thomas Annandale, ya ɗinke wannan guringuntsi, amma aka shafe shekaru ana cire shi ɗungurungum, ana ganin ba shi da amfani. A 1948 Fairbank ya nuna a Ingila cewa gwiwar da aka raba da gammonta tana saurin cinyewa. Wanda aka cire wa yana ɗan shekara 25 yana iya biyan bashin da ciwon gaɓa tun bai tsufa ba.

To me ya sa ba a ɗinke kowace tsaga? Saboda jini. Bakin gammon na waje kaɗai jini ke ratsawa, abin da bai wuce kashi ɗaya cikin uku ba. Tsagar da ta faɗa nan tana iya haɗewa in an ɗinka. Ta can ciki da wuya. Sabuwar tsaga a jikin matashi ta fi karɓar zare, wadda kuwa aka daɗe ana takawa takan daddage har likita ya rasa abin kamawa. Ta tsufa daban ce: dattijon da gammonsa ya lalace a hankali, sau da yawa motsa jiki da ƙarfafa naman cinya sun wadatar da shi.

Ɗinki yana cin lokaci ta fuska biyu. Yana son a zo da wuri, yana kuma son haƙuri bayan an yi: mako huɗu zuwa shida da sanda, sannan watanni ba tsugunno. Manomi kuwa da tsugunno yake dashe, da shi yake cira. Asibitin ƙashi yana Wamakko, babban yana Dala a Kano, hanyar fita daga gabashin Sakkwato kuma kowa ya san yadda ’yan bindiga suka mai da ita. Mutum kan auna kuɗin mota da fargabar hanya, ya ce bari a ga bayan girbi, alhali a cikin wannan jiran ne tsagar da za a iya ɗinkewa take zama wadda sai an datse.

Saboda haka gwiwar da ke cijewa, ko ta ƙi miƙewa bayan an murɗe, ba ta jiran kaka. Wanda ya isa gaban likita kuma, kafin ya tambayi kuɗin aiki, ya fara tambaya ko tsagar tasa tana ɗinkuwa.