Dajin Wytham, inda tsuntsu ke tsere da ganye

Ɗalibanmu da ke zuwa Oxford kan tsaya a tsoffin gine-gine, su ɗauki hoto su koma. Kaɗan ne ke sanin cewa a bayan gari, ta arewa maso yamma, akwai dajin Wytham, mallakar jami'ar tun 1942. Ana shiga da takardar izini, kuma kyauta ake bayar da ita.

Na je a watan Mayu. Abin da ya fara ɗaukar hankalina shi ne akwatunan sheƙa da ke rataye a jikin bishiyoyi, sun haura dubu. Tun 1947 masana ke bibiyar wata 'yar tsuntsuwa mai rawayar ƙirji da baƙin kai, wadda Turawa ke kira great tit, suna rubuta ranar da kowace ta fara ƙwai.

Dalilin wannan naci yana saman bishiyar oak. Da sanyi ya ja baya sai ta fid da sabon ganye mai laushi, tsutsotsi su ƙyanƙyashe su afka masa. 'Yan makonni ne kawai, domin ganyen na tsufa sai ya yi tauri da ɗaci, tsutsar kuma ta sauka ƙasa. A wannan ɗan tsakanin dole 'ya'yan tsuntsuwar su fito. Idan uwar ta makara, za ta tarar kasuwa ta watse, baki takwas ko tara na jiranta. Ita ma ba a ƙarshen layi take ba. Shaho na fakonta. Lokacin da maganin ƙwari irin su DDT ya taru a jikin shaho, wajen 1960, har ɓacewa ya yi daga yankin, sai da aka taƙaita maganin ya dawo.

Yanzu ɗumamar yanayi ta sa ganye na fitowa da wuri. Daga 1961 zuwa 2007 tsuntsayen Wytham sun matso da ƙwansu gaba da kusan mako biyu, suka bi sawun tsutsar. A wasu dazuzzukan Holan tsuntsayen ba su matso daidai da tsutsar ba. A aji zane ake mana da kibiyoyi, wannan na cin wancan, kuma a ganina zanen yana ɓoye rabin labarin, tunda ba ya nuna rana.

In za ku je, ku sa takalmin taɓo.