Idan An Sallami Ɗanku Daga Karatun Likita

Mu malaman makaranta a ƙasar Yauri mun san yadda ake ɗaukar yaron da ya sami shiga karatun likita. Tun bai gama shekarar fari ba, daga Yelwa har Wara ana kiransa Dokta. Uba ya sayar da shinkafa da albasa, uwa ta sayar da bandar kifi. Ran da takarda ta zo cewa an sallame shi, gida yakan yi tsit kamar an yi rasuwa.

Karatun nan na shekara 6 ne. Inda yawanci suke tuntuɓe kuwa shi ne babbar jarrabawar wajen shekara ta 3, kan ƙirar jikin mutum da yadda yake aiki. Wanda ya faɗi, ya maimaita, ya sake faɗi, sai a cire shi. Waɗannan fa yara ne da suka saba zuwa na ɗaya a ajinmu.

Iyaye, kafin ku yi faɗa, ku sa a karanta muku takardar da kyau. Cirewa daga sashen likita dabam, kora daga jami'a dabam. In faɗuwa ce kawai, sau da yawa akan yarda ya koma wani sashen kimiyya ya sami digirinsa. In satar jarrabawa ce, maganar ta fi wuya. Ku tashi ku raka shi tun da wuri, gama yaron da kunya ta rufe ba ya iya ƙwanƙwasa ofis shi kaɗai. Ya kuma karɓo takardar sakamakonsa na shekarun da ya yi.

In har zuciyarsa tana kan marasa lafiya, ga makarantar nas da ungozoma a Birnin Kebbi, ga ta ma'aikatan lafiya a Jega. Waɗansu suna ganin wannan ci baya ne. Mu ba mu gani haka ba. Tun da aka gama madatsar Kainji a 1968 mutanenmu suke zaune a bakin tafkin, suna fama da tsargiya da zazzaɓin sauro, kuma a ƙauyukan Ngaski da Shanga ma'aikacin ƙaramin asibiti ne yake duba su. Wanda ransa ya fita daga asibiti kuwa, akwai kwalejin kiwon kifi a New Bussa.

Masu hali sukan yi maganar ƙasar waje. Su tuna da ɗalibanmu da yaƙi ya koro daga Sudan a 2023, su kuma sani in ya dawo sai ya ci jarrabawar hukumar likitoci ta Nijeriya kafin ya taɓa majinyaci.

Abin da ya fi ba mu tsoro shi ne a ɓoye maganar, a buɗe masa kemis a ƙauye, mutane su ci gaba da kiransa Dokta. Zai yi allura, zai sa ruwa, ba shi da izini. Ranar da wani ya mutu a hannunsa, ga alhakin rai, ga kurkuku. Gara ku faɗa wa dangi gaskiya tun makon fari, ku kuma koma kiransa da sunansa na yanka.