Ranar da Muka Rufe Littafi a Tsakiyar Labari

Mu da muke koyar da Hausa ga yaran da ba da ita suka tashi ba, mun daɗe da wata damuwa. Yaro zai karanta shafi guda tiryan-tiryan, amma a ce ya rubuta jimla biyu, sai ya tsaya yana cizon biro.

Da muka duba, laifin namu ne. Mun raba karatu da rubutu, kowanne da ranarsa.

Sai muka canza. Muka ɗauko Magana Jari Ce na Abubakar Imam, muna cikin wani labarin da aku ke ba Musa, daidai inda daɗi ya fara, muka rufe littafin. Muka ce kowa ya rubuta ƙarshensa a jimla uku, sannan na kusa da shi ya karanta wa aji.

Wata yarinya ta rubuta wai sarki yana da baki da yawa, alhali baƙi take nufi. Har ita sai da ta yi dariya. Tun ranar ba ta sake mance lanƙwasar ƙ ba, abin da jan bironmu ya kasa cikin zango guda.

Ku gwada a ajinku, ku ba mu labari.