Abin da Ake Ba Maki, Shi Ake Bi

Wasu daga cikin 'ya'yanmu ɗalibai sun fara wani wasa da ake yi kewaye da tebur, da takarda da fensir da 'ya'yan lido masu fuskoki da yawa. Ba a zuba kuɗi a cikinsa, labari ake ƙagowa tare. Mutum ɗaya ke jan ragama yana faɗin abin da ke aukuwa, sauran kuwa kowa ya riƙi jarumi guda yana magana da yawunsa. Da muka bibiyi ƙa'idojin wasan, babin ɗaukakar jarumi ne ya tsaya mana a rai.

Mafi shahara a irin waɗannan wasanni shi ne Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974. Jarumi kan fara daga matakin farko yana mai rauni, sai ya riƙa tara makin gogewa. A bugun 2014, maki 300 ke kai shi mataki na biyu, 900 na uku, 6,500 na biyar, har 355,000 kafin ya taka na ashirin, wanda shi ne ƙololuwa.

To, da me ake samun makin? A bugun farko, kowace tsabar zinariya da jarumi ya fito da ita daga kogo maki ɗaya ce, kuma makin dukiya ya kan rinjayi na kashe dodo. Don haka 'yan wasa suka iya sanɗa da wayo: a lallaɓa a kwashi taska, a bar dodo yana barci. Bugun 1989 ya mayar da wannan ƙa'ida zaɓi, na 2000 ya ajiye ta, maki ya fi karkata ga cin galaba a artabu, sai hannu ya riƙa saurin kaiwa ga takobi. Mutanen ba su sauya ba, ma'aunin ne ya sauya, kuma inda baki ya karkata nan yawu kan zuba.

Wasu jagororin wasa sun daina ƙirga maki. Idan ayari ya kammala babban babi na labari, sai a ɗaga kowa mataki ɗaya. Wannan ya rage son faɗa, amma ya daidaita mai himma da ɗan rakiya, ya kuma damƙa hukunci a hannun mutum guda.

Wasan Call of Cthulhu na 1981 ya bi wata hanya dabam. Babu matakai, fasahar da jarumi ya yi aiki da ita ya dace, ita kaɗai ke da damar ƙaruwa, kuma gwargwadon ƙwarewarsa gwargwadon wuyar ƙarin. Akwai kuma ƙa'idar Gygax ta 1979, cewa maki kaɗai ba ya ɗaga jarumi sai ya zauna makonni yana karɓar horo. Duk wanda ya yi karatun allo ya san wannan: ba yawan kwanaki ke wanke allo ba, sai an biya a gaban malam.

Mu ma muna da makinmu, ko da ba a rubuce yake ba. Wa ake ba kujerar gaba a wurin suna da ɗaurin aure? Sunan wa muke rubutawa idan za a yi naɗi? Yaranmu suna karanta wannan lissafi fiye da yadda suke sauraron wa'azinmu. Idan mai liƙi ke samun rawani, alhali malamin makarantar dare da mai wankan gawa da mai sasanta maƙwabta suna tsaye a baya, kada mu yi mamakin abin da matasa za su tashi suna nema. Masu tsara wasa sun sake ƙa'ida da suka ga inda take kai 'yan wasansu. Ya kamata dattawan zango su zauna su duba tamu.

Allah Ya sa mu dace.