Ruwan Bakolori a Cikin Kwamfuta

Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin madatsar Bakolori da hantsi ya san ruwa ba ya maimaita kansa. Wannan igiya daban, waccan daban, amma kuma ba hauka suke yi ba. To, da ɗalibanmu suka zana shi a kwamfuta, sai ya fito sumul kamar ledar ɗaki.

Maganin wannan, wani Ba'amurke ne, Ken Perlin, ya samo shi a 1983. Lissafi ne mai yayyafa hargitsi da awo, kowane ɗigo na bin maƙwabcinsa sannu a hankali, har ruwa da hayaƙi su fito kamar na gaske. Har lambar Oscar aka ba shi a 1997. Daga baya masana suka ƙunshe lissafin cikin manhaja, kyauta.

Kyautar ce ta ba mu wuya. Mun sauke ƙunshin a Talata Mafara, muka kai wa abokan aikinmu na Bakura a filashi, ya ƙi tashi. Ashe mai ƙunshewar ya bar rabin kayan a intanet, a zatonsa ko'ina akwai sabis! Sati biyu muka yi muna tsintar ragowar ɗaya bayan ɗaya, da kuɗin datarmu.

Yanzu namu ƙunshin, cikakke, ya kai har Maradun a aljihun wani direba.